Yadda Ake Wuce Mai Keke a Siririyar Hanyar Ƙauye, da Yadda Shi Ma Zai Ba da Hannu

Shekara 6 na yi ina taka keke zuwa makarantar firamaren da nake koyarwa a wani ƙauye, kafin Allah ya hore mini 'yar tsohuwar mota. Don haka babu ɓangaren da ban tsaya ba a wannan rigima. Na yi wa direba daƙuwa ina kan sirdi, Allah ya yafe mini, na kuma ja wa mai keke tsaki ina riƙe da sitiyari.

Hanyar da nake nufi kowa ya san ta. 'Yar kwaltar nan ce da ta ratsa gonaki ta haɗa ƙauyuka da kasuwa, wadda ruwan damina ya gaigaye bakinta kamar yaro ya gutsuri gurasa, ko kuma burjin da mota ɗaya ke cika shi. Ranar da ba kasuwa sai ka yi tafiyar rabin awa ba ka gamu da kowa ba sai awaki. Amma ka bi ƙananan hanyoyin da ke shiga Maigatari ranar Alhamis, ko Wudil ranar Juma'a, ko Mai'aduwa ranar Lahadi, ka sha kallo: keke, babur, amalanke, jaki, a-kori-kura, tirelar shanu, duk tabarma ɗaya suke rabawa.

Fara da awo

Yawancin direbobi ba mugunta ke sa su matse mai keke ba. Lissafinsu ne bai fita ba. Ido yana ganin keke siriri, sai zuciya ta ce ai zai shige.

To mu auna. A ce faɗin kwaltar mita 6 ne, hannunka mita 3 ke nan. Ƙaramar mota tana cin kusan mita 1.8, tirela ko tifa kuwa mita 2.5. Kan keke ya kai santimita 60, kuma mai shi ba zai hau daidai bakin kwalta ba, sai ya bar aƙalla rabin mita. Sai tazarar da ya kamata ta kasance tsakaninku. A Faransa doka ta ce mita 1 a cikin gari, mita 1.5 a wajen gari. Ingila ma ta sa mita 1.5 a ƙa'idojin hanyarta tun Janairun 2022, ta kuma ce a ƙara idan gudun ya haura kusan kilomita 50 a awa. Tara su duka: 1.8 da 1.5 da 0.6 da 0.5, mita 4.4 ke nan. Hannunka kuma mita 3 ne kacal.

Ma'ana, ba yadda za a yi ka wuce mai keke da mutunci kana cikin hannunka. Dole ka ari hannun masu zuwa, kuma ba a aron abin da mai shi ke amfani da shi. Wannan fa keken da babu kaya ne. Wanda ya gicciya damin kara ko itace a kariya, faɗinsa yana iya kaiwa mita 2, ya fi motarka.

Direba, ga naka

Da ka hango shi, tun yana ɗan ɗigo a gaba, ɗaga ƙafa daga totur. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, kuma kafin ka gani, ka taka birki, ta tsaya, ta ci sama da mita 50 ko a busasshiyar kwalta da taya mai kyau. In gudu ya ninka biyu, nisan birki ninki 4 yake yi. Shawarar da za ka yanke kana dab da mutum ta riga ta makara.

Kana rage gudu kana karanta shi. Yaro ne ko dattijo? Yaron da ƙafarsa ba ta kai feda daga sirdi, yana tuƙi ta tsakanin ƙarfe, jikinsa a karkace, kowace daƙiƙa zai iya ɓallewa. Me ya ɗauko? Jarkar ruwa da ba ta cika ba tana kaɗawa, tana jan keken hagu da dama. Akuyar da aka ɗaure a kwando za ta iya zabura. Akwai goyo a baya? Sannan ka duba hanyar da ke gabansa shi, domin ramin da tayarka za ta haɗiye ba ka ji ba, shi zai kayar da shi, kuma zai kauce masa ne ta wajenka, ba ta wajen daji ba. In ka hango rami ko tarin yashi a gabansa, ka ɗauka ya riga ya kauce.

Sai oda. A nan ake yawan ɓata lamari. Oda sallama ce, kuma daga bakin ƙofa ake yin sallama, ba sai an shiga tsakar ɗaki ba. Danna ta gajeruwa, sau ɗaya ko biyu, kana da nisan kamar tsawon filin ƙwallo. Har yau gwiwata ta dama tana da tabon wata tifa da ta lallaɓo bayana shiru, sai da ta zo daidai kunnena direban ya saki odar iska. Hannuna ya girgiza, tayar gaba ta zame daga bakin kwalta, sai ga ni kwance a gonar gyaɗa, takardun jarrabawar 'yan aji 5 suna tashi sama kamar balbelu. Motar ba ta taɓa ni ba ko kaɗan. Ƙarar ce ta kayar da ni.

Kuma yin oda ba ya nufin an ji ka. Jira alama: ya waiwayo, ko ya ɗan raɓe, ko ya ɗaga hannu. Wata safiya a lokacin kaka na biyo wani dattijo da ya gicciyo kara, na yi oda sau biyu, ko gezau. Na sa giya ta biyu na bi shi a hankali har muka haye wata kwalbati, ya ga inuwar motar a ƙasa, ya sauke ƙafa. Na sauke gilas na ce, "Baba, sannu da hanya." Ya ce, "Yawwa ɗana, ka yi haƙuri, kunnen nan ya daɗe da ritaya. Tun yaushe kake bayana?" Ga tsufa, ga rawani, ga iskar hunturu, ga ƙarar karan da ke jan ƙasa. Da na dogara da odata, da yanzu wani labarin ake yi.

Bayan ya san da kai, duba gaba, duba madubi. Madubin saboda ɗan acaɓa, wanda sau da yawa ya riga ya fito zai wuce ku duka biyun. Gaban kuma saboda mota mai zuwa: in kai da ita kowa na gudun 80, mita 200 da ke tsakaninku ba ta kai daƙiƙa 5 ba.

Akwai wuraren da ba a wucewa ko da hanya ta yi kamar babu kowa: kan kwalbati ko siririyar gada, kwanar da dawa ko gero ya rufe, gab da ƙoƙuwar tudu, mararraba, da bakin gari inda yara ke tsallakawa. Kwana a watan Agusta da Satumba daban take da kwana a watan Maris. Hanyar ɗaya ce, amma da rani kana hango kilomita guda, da damina kuwa shuka ta fi motarka tsawo.

In babu hali, zauna a bayansa, ka bar tazarar mota biyu, kada ka sa masa hancin mota a madigadi kana taka totur. Na san fasinja za su fara, "Direba, keke za mu bi har kasuwa?" Yi musu lissafi in kana da lokaci. Ka bi mai keke na daƙiƙa 10 a gudun 15 maimakon 60, abin da ka yi asara bai kai daƙiƙa 8 ba. Tsayawar sayen rake ta fi haka.

Hali ya samu? Kunna sigina ta hagu, ka fita sosai, ka ba shi fili kamar mota kake wucewa. Ka wuce da matsakaicin gudu, kusan 30 zuwa 40, ba tare da jan jiki ba kuma ba da fizga ba. Kada ka dawo hannunka sai ka gan shi gaba ɗaya a madubi, daga hula har taya. Masu dogayen motoci su ninka wannan haƙurin, domin kan mota yakan wuce lafiya, gindinta ne ke sharo mutum. Haka a-kori-kurar da buhuna suka fito gefe, ko rodi ya zarce baya. Yaron mota da ke zaune a ƙofa, wannan aikinka ne: leƙa ka ce "Oga, bai fita ba tukuna," maimakon dukan bodi kana ihu a kan bawan Allah.

Abu ɗaya da ke ƙona rai: mutum ya wuce ka da gudu, taku 10 a gaba ya taka birki ya yanke dama zai sauke fasinja. In ka san za ka tsaya ko za ka karya kwana nan kusa, bar shi ya wuce wurin tukuna. Kuma a ce wa fasinja ya waiwaya kafin ya buɗe ƙofa.

Haɗuwar uku

Ga mai keke a gabanka, ga mota tana tahowa, lissafi ya nuna ku ukun za ku haɗu wuri guda. Wannan ita ce mafi muni, kuma ƙa'idarta ɗaya ce: wanda keken ke hannunsa shi ke jira. Kada ka kunna wa mai zuwa fitila kana neman ya sauka maka daga kwalta, kada kuma ka kutsa tsakiya da fatan kowa zai matsa. In keken a hannun mai zuwa yake kuma ka ga ya riga ya fito, rage gudu ka raɓe, ko da shi ne bai kyauta ba. Kwa yi faɗanku a tasha.

A kan burji ƙura ce matsalar. Mota ta wuce da gudu, mai keke ya shiga duhu na daƙiƙu da dama, ba ya ganin rami, motar da ke biye ma ba ta ganinsa. Ga tsakuwar da taya ke harbawa. Da damina kuma taɓo ne. Wanda ya sa fararen kaya zai tafi Juma'a ka watsa masa jan ruwa, ko bai ce komai ba ka ɗauki hakki. Taka a hankali har ka ba shi nisa.

Da dare, in mai keke na fuskantarka, sauke fitila. Babbar fitila tana makantar da shi, bakin kwalta ya ɓace masa. Ka kuma riƙa tuna cewa yawancin kekunan ƙauye ba su da ko ɗigon haske a baya, musamman tsakanin magariba da isha ranar kasuwa, lokacin da kowa ke komawa gida a gajiye. Gudunka kada ya wuce inda fitilarka ke haskawa. Hazo ma haka.

Mai keke, ga naka

Na farko, hannu. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta dama, Ghana ta biyo a 1974, Nijar kuwa dama can a dama take. Keke abin hawa ne, dama zai bi, tare da motoci. Mai tafiya a ƙasa ne ake cewa ya fuskanci mota. Mutane da yawa suna cakuɗa biyun, su ce gara su riƙa ganin abin da ke zuwa. Amma in kana gudun 15 mota na gudun 60 kuna fuskantar juna, da ƙarfin 75 za ku haɗu. In kuna tafiya tare, 45 ne, kuma direban na da damar bin bayanka ya jira. Wanda ka tunkara gaba da gaba ba shi da wannan damar.

Na biyu zai ba wasu mamaki: kada ka manne wa bakin kwalta. Can ne yashi yake taruwa, can ƙaya da fasassun kwalabe suke, can ne gaɓar da in tayarka ta faɗa ba ta hawowa sai ta kayar da kai, kuma cikin hanya za ta kayar da kai. Bar rabin mita zuwa mita guda. Ban da haka, in ka lafe a baki kamar ƙadangare, direba zai ɗauka ka ba shi hanya ne, ya kutso ko da mota na zuwa.

Miƙe layinka. Direba zai iya zama lafiya da mai keke mai jinkiri, wanda ba ya iya zama da shi shi ne wanda bai san inda zai nufa ba. In za ka kauce wa rami, waiwaya tukuna. Koyi waiwaye ta kafaɗar hagu ba tare da kan keken ya bi ka ba. Je filin makaranta da yamma ka gwada a kan layi har hannunka ya saba. Za ka shiga hagu, miƙa hannun hagu tun da nisa, ka sake waiwayawa, domin miƙa hannu ba ya tsayar da mota. In hanyar ta cika, tsaya a dama ka sauka ka tura shi ka tsallaka. Ba wanda zai rage maka girma.

Ka ji oda a baya? Nuna ka ji. Ɗan ɗaga hannu ya isa. In wurin bai dace ba, misali kuna dab da kwalbati ko kana hango mota a kwanar da shi bai gani ba, miƙa hannun hagu ƙasa, tafin yana kallon baya, ka riƙe layinka. Da kun fita, raɓe ka yafito shi. Amma kada ka yafito mutum sai ka tabbata gaban a buɗe yake, kai ma direba kada ka wuce don an yafito ka kawai, idonka ne shaidarka.

Ba da hannu kuwa yana da lokacinsa. In ka ga motoci biyu ko uku sun taru a bayanka, ko kana hawan tudu da kaya kana tangaɗi, nemi wuri mai tauri, gindin bishiya ko mashigar gona, ka tsaya su wuce. Kada ka faɗa cikin yashi da gudu don ka burge direba, yashi yana kama tayar gaba nan take. Rage gudu, sannan ka sauka.

Ga wani abu da ban lura da shi ba sai da na fara tuƙi. Kusan dukanmu ta hagu muke sauka daga keke, ta hagu muke tura shi, kuma hagun nan ita ce wajen motoci. Wato kana sauka kana jefa ƙafarka da jikinka cikin hanya. A siririyar hanya, fita daga kwalta gaba ɗaya kafin ka wurga ƙafa, in kuma turawa za ka yi mai nisa, koma ta dama, keken ya zama tsakaninka da mota.

Babbar mota sai an yi mata shiri na musamman. Iskarta tana fara tura ka waje, sannan in ta kusa wucewa ta zuƙo ka ciki. Mai babbar riga ko mai ɗauke da tabarmi, katifa ko kwanon rufi ya fi kowa jin wannan. In ka ji rurin tirela ko tanka a baya kuma hanya ba faɗi, kada ka tsaya neman gaskiya, ko ƙwai ya faɗa kan dutse ko dutse ya faɗa kan ƙwai, sananne ne mai fashewa. Sauka. Bayan ta wuce kada ka koma nan take, sau da yawa akwai wata a bayanta cikin ƙura. Su kuma samarin da ke kama gindin tifa tana jan su a tudu, direban bai san da ku ba, birki ɗaya zai taka.

Kaya a ɗaure su a tsaye ko a tsawon keke in zai yiwu, ba a gicciye ba. In dole sai an gicciya, ɗaura jan ƙyalle ko farar leda a bakin da ke wajen hanya. Tattare riga ka zauna a kanta kada ta shiga taya ko sarƙa. Tsofaffin kekunanmu irin Raleigh da Phoenix masu birkin sanda suna da ƙarko, amma in ruwa ya jiƙa ƙarfen wili, birkin sai ya yi juyi da dama kafin ya kama, don haka da damina fara matsa shi tun da wuri. Abin sauraron waƙa a kunne kuwa, a wannan hanya kunnenka ne madubinka.

'Yan makaranta da masu zuwa ɗaurin aure a ayari: hira a jere biyu ko uku tana da daɗi, amma da an ji mota a koma layi ɗaya, kuma kowa gefe ɗaya. Babu abin da ke ruɗa direba kamar rabi su watse dama, rabi hagu. Na ƙarshe a layi shi ne mai cewa "mota!"

Da dare tocilar gaba tana nuna maka hanya, amma abin da ke cetonka yana baya. Jan abu mai ƙyalli a madigadi, ko tsohon faifan CD da wasu ke ɗaurawa, da riga mai haske. In ka hango fitila ɗaya tana tahowa, kada ka rantse babur ne. Mota mai ido ɗaya tana da yawa a hanyar ƙauye, kuma ba ka san wanne idon ne ya mutu ba.

Gaisuwa

A hadisi an ce mahayi ne ke fara yi wa mai tafiya a ƙasa sallama, kuma kawar da cuta daga hanya sadaka ne. In muka bi wannan ma'auni, na cikin mota shi ya fi cancanta ya fara. Wanda ya sauka daga kwalta dominka, ɗaga masa hannu ko ka ɗan taɓa oda bayan ka wuce. Mai keke ma, direban da ya bi bayanka a hankali har kuka haye gada, ɗaga masa hannu. Hanyar ƙauye ba ta da baƙo sosai. Direban da ka zaga yau shi zai ɗauki buhunanka ranar kasuwa mai zuwa, dattijon da ka watsa wa taɓo kuma wataƙila gidansa za a kai ka neman aure.

In an gogi juna

Tsaya. Faka a inda motar ba za ta tare hanya ba, ka sa alama a baya, ganye ko alwatika, don kada wata ta zo ta ƙara. Fara da mutum kafin ka duba fenti: "Sannu Malam, ina ne ya bugu?" In ya bugu a kai, wuya ko baya, kada a ɗaga shi a zaunar, kada a ɗura masa ruwa, kada a ja ƙafa ko hannu da sunan gyara. Jini kuwa a danne shi da tsumma mai tsabta. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar gaggawa 122, akwai kuma 112. Inda babu sabis ko taimako zai yi nisa, a samu mutum uku ko huɗu su ɗauke shi a miƙe, kai da wuya ba sa lanƙwasa, a kai shi asibiti mafi kusa.

Direbobi da yawa suna tserewa ne don tsoron taron jama'a. In ka ga wurin zai rikice, nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa ko ƙofar gidan mai gari ka kai kanka, ka faɗi inda abin ya faru don a je a ɗauko wanda ya ji ciwon. Jama'ar gari kuma, dukan direba ba ya ɗinke rauni, kuma sau da yawa motarsa ce kaɗai za ta iya kai wanda ya ji ciwon asibiti.

In abin ya tsaya a kan keke, wili ya lanƙwashe ko feda ta karye, kada a yi ciniki a tsakiyar titi rai a ɓace. A ɗora keken a mota, a je wurin mai gyara a gari na gaba tare da shaida ɗaya, shi ya faɗi kuɗin gyara a gaban kowa. A lissafa har da abin da ya zube, manja ne ko ƙwai ko awon hatsi, da kuɗin motar da zai kai mutumin gida tunda abin hawansa ya kwana a wurin gyara.